Rasuwar Ta-Baba, Tayar Baya ta Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da har yanzu ƙasar titi ba ta gama fita daga jikinsu ba, ni direban a-kori-kurar gidanmu, a madadin kaina da maiɗakina da yaranmu huɗu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan lodi rasuwar tayarmu ta baya ta hannun hagu, wadda aka fi sani da Ta-Baba. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a bakin aiki, da kaya a kanta, bayan doguwar jinya. Ta yi shekara goma sha ɗaya da wata biyar tana taka ƙasa. Masu sayar da taya sun ce irinta shekara uku take yi, in an yi sa'a huɗu. Ban sa Yayana a cikin masu sanarwar ba, domin da na tambaye shi cewa ya yi in rubuta abin da na ga dama, kuma na duba idonsa da kyau ban ga ɗigon hawaye ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wane irin mutum ne wannan da yake makokin roba. To, ga dalili.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sa wa motar sababbin tayoyi huɗu wata biyu kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da ya ga jikin ya ƙi, sai ya tara mu, ni da Yaya, ya sa aka kira Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya zama shaida. A lokacin ni ban iya komai ba sai tuƙi. Yaya kuwa tela ne mai shagonsa, har ya fara ginin gida ya kai shi inda za a yi rufi. Baba ya ce, "Ƙaramin ya riƙe mota ya nemi abinci. Kada a sayar da ita sai tayoyin nan da na sa sun ƙare. Ranar da ta ƙarshe ta mutu, ku sayar ku raba, babban ya yi rufinsa." A tunanin Baba shekara uku ta isa in tsaya da ƙafafuna. Bawan Allah, bai san irin ɗan da ya haifa ba.

'Yan uwanta uku sun riga ta tun da wuri. Ɗaya ta hau fasasshiyar kwalba, ɗaya rami ya cinye ta, ɗaya kuma tsufa ne kawai. Sai ranar da aka cire ta ukun na zauna a bakin mota na duba, na ga ashe tsakanina da zaman kashe wando taya ɗaya ce tal. Tun daga ranar na san darajar marigayiya.

Da farko na so in hutar da ita. Na kwance ta, na wanke ta, na ɗaure ta a ƙarƙashin mota a matsayin tayar ko-ta-kwana, inda za ta iya kai shekara talatin ba abin da ya same ta. Kwana tara ta yi a wurin, Yaya ya kai ƙarata wajen Kawu. Kawu ya zo da sandarsa, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya yanke hukunci cewa ba ritaya mamacin ya ce a ba ta ba, aiki ya ce ta yi har ta ƙare. Haka aka mayar da baiwar Allah kan titi, kuma ba ta taɓa riƙe Kawu a zuciya ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kawaici, mai rufa asirin gida. Ta ɗauki bulo, ta ɗauki tankin ruwa, ta ɗauki kujerun mutanen da mai gidan haya ya kora, ba ta taɓa tambayar na wane ne ba. Ni ma dai ban gaza ba wajen kula da ita. Duk ɗan dakon da ya taɓa yi mini lodi ya san ƙa'idata: kaya a dama, kada a danne tsohuwa. Shi ya sa shekara takwas motata take tafiya a karkace, har yaran unguwa suka sa mata Mai-Ɗingishi. In zan tsaya, sai na zagaya na nemo inda inuwa za ta faɗa a hagu. In rana ta yi zafi, in jiƙa buhu in lulluɓe ta. Akwai tsintsiya a bayan kujerata, kuma ba sau ɗaya ba na tsayar da layin motoci na fito na share hanya, ana ta danna mini oda ana zagin iyayena. Aikin kafintoci kuwa na daina karɓa gaba ɗaya, domin inda suke nan ƙusa take. Maiɗakina ta sha faɗa mini cewa ba ta taɓa ganin na taɓa goshin ɗaya daga cikin yaranmu na ji ko da zazzaɓi ba, amma kullum da safe sai na dafa taya da bayan hannu. Gaskiya ta faɗa, ban musa ba.

Za mu daɗe muna tuna muryarta. A ƙuruciyarta ba a jin motsinta sam. Da shekaru suka ja, ta koma wani ɗan siririn “fiiis” da sai ka kara kunne za ka ji, ka san yau ma akwai zuwa asibiti. A shekarunta na ƙarshe, bayan kumburi ya fito mata a kwiɓi, tafiya take tana “ɗaf, ɗaf, ɗaf”, har yarana suna gane dawowata tun ban shigo layi ba.

Muna miƙa godiya ta musamman ga likitanta, mai facin bakin tasha, wanda ya tsaya a kanta tsayin daka. Sau biyu tana suma a hannuna, sau biyu yana dawo da ita. Tun shekara biyu da suka wuce ya ja ni gefe ya ce, "Maigida, ka fara shiri, abin nan sai addu'a." Zanen jikinta ya suɗe ta yi sanƙo, waya ta fara leƙowa, iska ba ta kwana a cikinta. Yaya ya sake kai ƙara, Kawu ya sake zuwa da sanda, ya ce matuƙar tana riƙe iska daga safe zuwa yamma, rai bai fita ba.

Dole a yi wa Yaya adalci: bai taɓa fashin dubiya ba. Ƙarshen kowane wata sai ya zo, mu gaisa a tsaye, ya wuce kai tsaye ya tsuguna a gabanta, ya danna ta da babban yatsa.

"Ya mai jiki?" in ji shi.

"Da sauƙi, Yaya."

"Allah ya ƙara sauƙi." Yana faɗa kamar ana zare masa haƙori.

Ni kuma na san abin da yake dannawa. Ginin nan nasa yana nan tsaye babu rufi, ciyawa ta cika ɗakunan, wata bishiya ta fito a tsakiyar falo har ta fi ni tsawo. Shi da matarsa da yara biyar suna cunkushe a ɗaki biyu na haya. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai, kuma in na bi ta layin ginin kawar da kai nake yi. Amma kunyar ba ta taɓa hana ni zuwa wajen mai faci ba, domin ni ma baki shida ne suke jiran motar nan ta dawo.

Ga yadda ajali ya zo. Yaya ya gaji da jira, ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa, ya sayi kwanon rufi da katakon da za su rufe ɗaki ɗaya. Ranar Talata da safe ya zo da kansa ya ce, "Ƙanena, zo ka kai mini kayan nan wajen gini." Shekara goma sha ɗaya bai taɓa cewa in ɗaukar masa ko allura ba. Da wane baki zan ce a'a? Muka je. Ya tuɓe riga ya yi lodin da hannunsa, kuma da yake mutum ne mai son daidaito, ya raba nauyin tsaf, rabi dama, rabi hagu. Na buɗe baki zan ce kada a danne tsohuwa, muka haɗa ido, na haɗiye maganata. Ya shigo ya zauna kusa da ni.

Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari. Ta haye kwalta, ta sauka hanyar ƙasa, tana ɗaf-ɗaf ɗinta a hankali. Saura kamar taku ɗari mu kai ƙofar ginin, sai ta ce “fuuu”, doguwa, ba tare da wata ƙara ba, motar ta kwanta hagu a karo na farko cikin shekara takwas. Na fito na durƙusa. Kwiɓin ya tsage, hannuna har yana shiga. Da ni kaɗai ne, Allah ya sani, da na san yadda zan yi a rufe maganar. Amma ga magaji a tsaye a kaina. Muka sauke kwanon, muka riƙa ɗaukarsa a ka mu biyu, shi a gaba ni a baya, har muka kwashe.

Iyalan marigayiya ba sa zargin kowa. Muna dai so a rubuta cewa cikin shekara takwas ba ta taɓa ɗaukar rabin kaya cif ba sai a ranar.

Mai faci ya kwance ta ya juya cikinta a gaban shaidu, ya ƙirga faci arba'in da shida, wasu a kan wasu. Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Ko ina so, babu inda zan liƙa." Kawu ya zura sandarsa ta tsagar ta fito ta ɗaya gefen, ya gyaɗa kai, ya ce wasiyya ta cika.

Ta rasu ta bar tayoyi uku da ba uwarsu ɗaya ba, kowacce da kamfaninta, da jak mai yoyon mai, da tsintsiya da buhu waɗanda yanzu ba su da aikin yi. Ta kuma bar direba ɗaya, da matarsa, da yara huɗu da duk a kanta aka yaye su.

Da yake ba a sayar da mota da ƙafa uku, jiya muka tafi shagon mai taya ni da Yaya domin zaɓen wadda za ta maye gurbi. Mutumin bai tambaye mu lamba ba, ya san motar. Tambaya ɗaya ya yi: "Ta zama kuke so, ko ta sayarwa?" Ya gangaro da guda biyu. Ta zama sabuwa ce fil, mai kaurin gefe, an yi ta don ɗaukar kaya, zanenta yatsa yana nutsewa a ciki. Ta sayarwa kuwa ta hannu ce, an wanke ta an shafe ta da baƙi tana ƙyalli, za ta kai mota gidan mai saye ta ɗan ƙara da wata biyar ko shida. Na rungumi sabuwar, ƙamshin robar ya bugi hancina, sai da idona ya kawo ruwa. Na ce, "Yaya, wannan fa in ta sami mai kula da ita..."

"Na san kulawarka," in ji shi. Ya daɗe yana kallon tayar da ke hannuna, har na fara sa rai. Sannan ya ce a hankali, "Ƙanena, damina goma sha ɗaya." Ya nuna ta hannun, aka ɗaura.

Za a karɓi gaisuwa daga yau har zuwa Juma'a a bakin tasha, gefen rumfar mai faci, inda motar take tsaye da takarda manne a gilashinta. Ana roƙon masu zuwa su faɗi abin da ya kawo su tun daga nesa, gaisuwa ko tayi, domin jiya na karɓi ta'aziyyar wani mutum har da hawaye, ashe injin yake so a buɗe masa. Ana kuma roƙon a daina shurin tayoyin da suka rage, suna cikin alhini.

Game da gawar, ba za a ƙone ta ba, ba za a jefar da ita a bola ba. Na kai ta wajen mai yanka takalmin roba, ya jujjuya ta, ya ce lafiyayyen wurin da ya rage a jikinta takalmi ƙafa biyu kawai zai fitar, na mutum ɗaya. Kawu ya ce ai ita ma gado ce, a raba, kowa ya ɗauki ƙafa ɗaya. Yaya ya sunkuyar da kai, bai dube ni ba, ya ce wa mai takalmin, "Auna ƙafarsa. Shi zai fi buƙata."

Ranar Litinin zan fara zagaya gari neman wanda zai ɗauke ni direba, kuma a ƙasa zan tafi. Za a yi yankan ranar Asabar da hantsi, ga duk mai son halarta. Lamba arba'in da uku nake sawa.