Akori-kurar Kaka Ta Ƙi Tashi

"Lafiya ƙalau, mijin waya. Ashe dai kana da rai?"

Kaka ce ke magana, ta maƙale waya da kafaɗa, sifana a hannu. Tana tsaye a rumfa gaban tsohuwar akori-kura mai shan dizal da marigayi mijinta ya bari, bonet a buɗe. Kwana tara ke nan motar ta ƙi tashi. Wanda ke kan layi jikanta ne, bakanike, da aiki ya kai shi nesa. Ita ta raine shi, kuma shekara uku rabon da ta sa shi a ido. Akwai gareji a bakin titinsu, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Kewar yaron ke cin ta, so take ya ce gyaran ya fi ƙarfin waya, ya taho gida.

"Amarya mai haƙori uku, me kuma kika yi wa motar?"

"Huɗu ne, ja'iri, da safe na duba. Famfon mai ne ya mutu murus. Sai an zo an kwance shi."

"Kowa motarsa ta yi gardama sai ya ɗora wa famfo laifi. Kafin ta tsaya, wane irin hayaƙi take yi?"

"Fari fat, irin furfurar da ka sa mini. Tana tafe tana fizga."

"In kin murza makulli, inji na juyawa?"

"Irin naka na safe. Juyi goma, tashi babu."

"To iska ta sha. Dubi tiyon da ke kawo mai daga tanki."

Kaka ta leƙa. Ga tsaga nan kusa da maɗauri, mai na tsattsafowa. Gabanta ya faɗi, don wannan ba ciwon da zai ɗago mutum daga uwa duniya ba ne.

"Lafiyarsa lau," in ji ta.

"Tsohuwa, ko a mafarki na san muryarki ta ƙarya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"To akwai 'yar tsaga. Ba ta kai fason ƙafarka ba."

"Yanke wurin, ki mayar, ki ɗaure tamau."

"Kai dai raggon miji ne. Gani ya kori ji. Wane likitan kirki ke duba mara lafiya daga nesa?"

"Likitan da aka hana hutu. Yi aiki, ki bar surutu."

Ta so ta yi masa aikin algus, ta bar maɗaurin sako-sako. Ina! Shekara arba'in tana miƙa wa maigidanta sifana a rumfar nan, hannun bai iya ha'inci ba. Tana tsaki tana ɗaurewa, har sai da ya kama gam.

"Yanzu sassauta notin da ke kan filta, ki riƙa danna ɗan famfon hannu. Ko ƙarfin ya tafi tare da haƙoran?"

"Hannun da ya wanke maka majina ne zai kasa danna famfo?"

"Me ke fitowa?"

"Kumfa. Kamar alkawarinka, ba komai a ciki."

"Ci gaba, har sai mai zalla ya fito."

Ta yi ta dannawa tana fatan kumfar nan kar ta ƙare. Ta ƙare. Mai ya ɓulɓulo garau, ta ɗaure notin, ta hau kujerar direba jiki a sanyaye, ta murza makulli.

Motar nan, maciya amana, bugu ɗaya ta tashi. Ƙara ta cika rumfa, kwanon rufi ya ɗauki rawa. Kaka ta yi wuf ta ja ɗan ƙarfen kashe inji, wuri ya yi tsit.

"Kaka, na ji kamar ta tashi."

"Tari na yi."

"Tari? Har da girgiza kwano?"

"Tsufa ke nan. Ka kai shekaruna ka ji irin naka."

"Ashe salansa aka sa miki a maƙogwaro ban sani ba."

Kunya ta kama ta, ga ƙwalla ta cika ido. Can sai ta ji dariyarsa, wata irin dariya mai rawa-rawa.

"Shi ke nan, amarya, na sallama. Ke ce da gaskiya, famfon ne. Wannan sai na zo da kaina. Ko za su kore ni, ƙarshen wata ina hanya. Kar ki bari kowa ya taɓa ta."

Kaka ta goge ido da bayan hannu, ta shafa wa fuskarta baƙin mai ba ta sani ba.

"Ka taho a hankali, ɗan nema. Ba inda za mu, ni da ita."