Ranar da Gitata Ta Kama Tashar Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Rifkatu ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bari ba. Har yau in aka haɗu wurin suna ko biki, sai wani ya taɓo ni ya tambaya yau wace tasha za mu kama.

Bari in faro daga tushe. A lokacin ina kaɗa gita a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, kiɗa mai sanyi irin wanda tsofaffi ke gyaɗa wa kai. Sai tsautsayi ya haɗa ni da wani Sande, ɗan wani soja a barikin Shadawanka, ya kunna min kiɗan metal a wayarsa. In ba ka san shi ba, kiɗa ne da gita ke gurnani kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Ni kuwa na ji duk duniya ba abin da ya kai shi daɗi. Na tara suma, na koma sa baƙaƙen riguna (a zafin Bauchi fa), na duƙufa neman yadda gitata za ta yi irin wannan gurnanin.

Sande ya ce sirrin yana ga fikof. Fikof shi ne ɗan maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ne kunnen gita, shi ke jin motsin tsirkiya ya tura wa amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. Na gitata mai sanyin hali ne. Na 'yan metal kuwa an jibga masa naɗin waya, yana tura sauti da ƙarfi har amfilifaya ta shaƙe, kuma daga shaƙewar nan gurnanin ke fitowa. Sande ya ba ni shawara in ɗauki matsakaici, tunda ina da feda, ɗan akwatin da ake takawa ya ƙara gurnani, sannan in kai wa mai gyara ya sa min. Na ce masa matsakaici na matsorata ne. Na zaɓi fikof yadda wasu ke zaɓar janareta, wato wanda lambarsa ta fi girma shi ne nawa.

Kayan ya iso daga Legas ana saura 'yan kwanaki biki. Mai gyara kuma? Ina! Ai na kalli bidiyo a waya, na zama injiniya. Da na buɗe cikin gitar na tarar da wata takardar alminiyom a manne, da wata siririyar waya da aka liƙa da dalma a jikin ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi. Na duba na ga ba su da wani aikin yi, na ɓalle su na watsar. (Sai daga baya na san su ne ke tsare gita daga kwasar duk abin da ke yawo a iska.) Da na gwada a ɗaki na ji wani ɗan zuu, da kamar muryar mutum can ƙasa-ƙasa. Na ɗora wa rediyon maƙwabcinmu laifi na wuce.

A gidanmu Yaya Rifkatu ce kaɗai ke tsaya min. Baba ya daɗe da yanke hukuncin cewa gita sana'ar zaman banza ce, Mama kuma addu'a kawai take min. Yaya ce ta dage sai ni zan riƙa kaɗa gita a hankali lokacin da Baba zai yi wa ango da amarya nasiha, don ya gani da idonsa cewa abin yana da amfani. Ta kama kunnena ta ce, "Mai sanyi, ka ji ko? Kar ka kawo min haukan nan naka." Na yi mata alkawari. Amma a raina na shirya cewa Baba na rufe baki, ana fara tafi, zan saki gurnani ɗaya tak, Bauchi ta san an zo.

An yi liyafar a wani fili kusa da gidan su ango a Tirwun. Rumfuna, kujerun roba, manyan sifiku na haya, da wani bawan Allah Ɗanladi mai kula da kayan sauti. Ya jona ni da wata doguwar waya, na tsaya a gefen teburin amarya ina hura hanci.

Baba ya karɓi makirfo. Na fara kaɗawa, nan take na gano cewa sabon fikof bai san sanyi ba, ko shafa tsirkiya na yi sai ta yi haushi. Na rage murya sosai na lallaɓa. Can Baba ya zo ƙarshe, ya dubi ango ya ce, "Istifanus, abu ɗaya ya rage in gaya maka." Sai ya yi shiru. Baba yana son irin shirun nan, yana cewa shi ke sa magana ta zauna. Ni kuwa na ga lokaci ya matso, na taka feda, na murɗe murya har ƙarshe, na jira.

A cikin shirun nan wata murya ta fito daga sifiku, tangararas, kamar mai ita yana tsaye a tsakiyar fili: "Basir mai tsiro! Basir mai jini! Basir mai hana magidanci zama!"

Nan take aka fashe da dariya. Kowa ya juya ga Ɗanladi. Shi kuma ya rikice ya hau zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta makirfo, Baba ya koma motsa baki ba sauti, mai tallan maganin kuwa bai fasa ba. Ya gama da basir ya shiga ciwon baya, daga nan ya gangara zuwa matsalar da ango ba ya iya faɗa wa kowa. Istifanus ya sunkuyar da kai. Fasto ya ɗaga ido sama.

Ga inda abin ya fi min ciwo: ni na fi kowa dariya. Ina nuna Ɗanladi da yatsa, ina girgiza kai, har na ce wa na kusa da ni wannan shi ne illar ɗauko wanda bai san aikinsa ba. Ina dariya ina juyawa da gita a wuya, kuma duk juyin da na yi muryar sai ta ƙara washewa, kamar mai gyara eriya. Ban lura ba. Sai da wayoyi suka ƙare saura ɗaya, Ɗanladi ya bi ta da ido har zuwa cikina, ya sa hannu ya zare.

Ɗif. Mai magani ya yi shiru, ya bar ni da sauran dariyata a baki.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban iya kallon kowa ba sai Yaya, ita kuma ta kalle ni sau ɗaya ta ɗauke kai, kuma wannan ya fi min zagi zafi, domin ita ce ta tsaya min. Aka mayar wa Baba makirfo. Ya gyara murya ya ce, "Abin da zan gaya maka ke nan, ɗana. Ka yi haƙuri da dangin matarka. Ka dai ga samfuri."

Ina naɗe wayata zan sulale, sai wani dattijo, kawun ango, ya ja ni bayan rumfa. Na saddaƙar faɗa zan sha. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Yaro, mutumin nan bai kai ga faɗar inda shagonsa yake ba aka kashe. Ko za ka sake kamo shi?"

Yaya ta yi makonni ba ta ɗaga wayata. Ranar da ta kira da kanta ta ce, "Gidan rediyon Tirwun, kuna kan iska?" na san an yafe min. Gitar kuwa na kai wa mai gyara, ya mayar da abin da na watsar, ya sa min matsakaicin fikof ɗin da Sande ya faɗa tun farko, kuma gurnaninta ya fi na da tsabta.

Abin da na koya shi ne, kunne mai ƙarfin ji ba ya zaɓar abin da zai jiyo. Sannan in abu ya lalace a taro, kafin ka yi wa wani dariya, fara bin wayar da ido ka ga a jikin wa ta ƙare.