Ranar Da Na Yi Wa Kawu Koriyar Fuska

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da zanen da na yi wa Kawu Sale a Haɗeja, shekarar da aka fara kashe naira. Na dawo hutu ke nan daga kwalejin horon malamai, kaina ya kumbura, gani nake duk garin babu mai ido sai ni.

Malamin zanenmu, wani ɗan Filato, shi ya koya mana fentin mai, ya ce kullum a zana wani abu, ko albasa ce. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Kowane hantsi ina zaure da burushi da kwalbar kananzir. Na zana tulu, na zana buta, na zana akuyar maƙwabta (ita ce ta fara guduna). Sabon abin da nake gwadawa shi ne shimfiɗa: ka fara shafa wani launi daban, ja ko shuɗi, ya bushe, sannan ka ɗora launin gaskiya a kai. A littafin malam na ga Turawan dā da kore suke fara fuskar mutum. Ban tambayi kowa ba, na ce ni ma haka zan yi.

Kawu Sale yayan Innata ne, masunci, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ba ya ma son harkar. Inna ce ta yi ta roƙonsa ya zauna in zana shi. Ta ce ya tsufa, shi kaɗai ya rage mata, tana son abin da za ta riƙa dubawa. Da ƙyar ya yarda.

Ranar farko ya zauna kan tabarma kamar an dasa shi, na zana fuskarsa a allo, na zuba mata kore tun daga goshi har haɓa. Abin da ya kamata shi ne in rufe allon, in jira ya bushe. Sai ga abokansa masunta sun yi sallama, sun dawo daga kogi. Neman yabo ya ɗebe ni, na juyo musu allon ina murmushi.

Wani dattijo ya ce a'uzubillahi, ya kawar da kai.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin wanda ruwa ya ci, aka same shi bayan kwana uku?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"To ni da hannuna na sha tsamo su. Ga kamanninsu nan ka ba ni."

Maimakon in ba da haƙuri, wai sai na shiga bayanin yadda Turawa suke yi (ka ji wauta). Ya kakkaɓe rigarsa ya fita, abokansa suka bi shi. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Bai sake zama ba. Damina biyu bayan nan ya rasu, a kan shimfiɗarsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na ɗauko allon na ƙarasa da abin da na iya tunawa, na kai wa Inna. Ta duba, ta sake dubawa, ta miƙo mini.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Amma wannan ba Yaya ba ne."

Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Ina nan ina fentina kullum, sai dai aikin da ban gama ba bango yake kallo. Kuma kafin in ari dabarar littafi, sai na tambayi tsofaffin gari, don ashe akwai abin da masunci ya sani game da kore wanda ba a buga a littafin ba.