Kwamfutocin da Ba Sa Tashi Sai Na Fita

Kwamfuta ɗaya ce ta ƙi tashi a makarantar Hajiya da ke Gwammaja, ga ɗalibai suna jiran gwajin jarrabawa, sai aka kira ni in gyara. Na ce, "Hajiya, wannan ai wasan yara ne."

Ƙananan kwamfutocinta ta waya suke tashi daga wata babbar kwamfuta, wato saba. Ina jona rautata, na'urar raba intanet, don in sami intanet, sai duk suka mutu. Na zagi wayoyin, na zagi wanda ya sayo su. Na zare rautar na tafi sallah, suka tashi garau. Na dawo na mayar, suka sake mutuwa. Ashe rautar ce ke riga babbar kwamfutar amsa musu, ta hana su tashi!

Har yau in wata ta ƙi tashi, sai Hajiya ta ce, "Injiniya, don Allah ɗan je masallaci."