Wayata Tana Gurbi na Goma Sha Bakwai

Yau kwana tara ke nan ba ni da waya. Ba sace ta aka yi ba, ba kuma rijiya ta faɗa ba. Ci gaba ne ya rutsa da ita.

Ranar Talatar makon jiya ina watsa taki a gona, shugaban makarantar sakandaren ƙauyenmu ya aiko iyaye su zo, wai manya za su taso daga birni su ceci 'ya'yanmu daga waya. Na wanke ƙafa na tafi. 'Yata Ummi tana ajin ƙarshe, saura mako shida jarrabawa, ga ajinsu shekara guda ba malamin lissafi. Da darussan da wani ɗalibin jami'a ya tura mata a wayata take lallaɓawa.

Da mota bakwai manyan suka zo. Aka sauke wani akwatin ƙarfe kore shar, mai gurbi ɗari biyu, kowane da lambarsa. Mai Girma Jagoran Tattara Hankalin Yara, Allah ya ƙara wa babbar rigarsa faɗi, ya bayyana cewa daga yau duk ɗalibi zai ajiye wayarsa a nan kafin ya shiga aji. Aka ce ɗalibai su kawo. Waya uku aka samu a makarantar gaba ɗaya, ɗaya ma da roba aka ɗaure bayanta.

Mai ɗaukar hoto ya ce hoton ba zai yi kyau ba. Sai aka roƙi iyaye da malamai mu ba da aron namu, minti biyar kacal. Na sa tawa a gurbi na goma sha bakwai. Mai Girma ya danna kwaɗo, aka tafa, ya jefa mukulli a aljihu, aka ci shinkafa, motoci suka tashi.

Basiru mai walda ya ce fasa kwaɗon aikin minti biyu ne a wurinsa. Shugaban makaranta ya ce kayan hukuma ne, wanda ya taɓa shi zai yi bayani. Na ce to a kira Mai Girma mana. Ya dube ni, ya dubi akwatin. Lambar tana cikin wayarsa, wayarsa tana gurbi na ɗaya. An dai rubuta takarda. Kafin amsa ta zo, yara huɗu-huɗu suke zama a kan akwatin, domin shi ne benci mafi ƙwari a makarantar. Wannan kam a yaba wa manya.

Na koma gida ina ta faɗa, ina cewa sun kashe wa yarinya lissafi. Ummi tana tsince wake, ta bari na gama, sannan ta ce, "Baba, ai da ma sau biyu a mako nake samun wayar. Kullum sai ka ce in bari ka ƙarasa jin wannan."

Na kuwa san wannan ɗin. Muhawarar 'yan siyasa ce, da bidiyon mutumin da rago ya kora. Ni da na koyi karatu da girmana a gindin bishiya, nake yi wa yara gorin sun samu dama suna wasa da ita, ashe damar a aljihuna take kwana.

Tun ranar abin yake cina. Idan mutum ya yi shirme, shirmen ya kama mai laifi bisa kuskure, yana da lada? Na tambayi limaminmu, ya ce aiki da niyya yake tafiya. Na ce niyyarsu hoto ce. Ya ce to sun samu hotonsu.

Yanzu bayan la'asar nakan zauna da ita a zaure da tsohon littafin tambayoyin da muka aro. Tana lissafi, ni ina riƙe da shafin amsoshi, ina cewa daidai ko a sake. Ban san abin da haruffa suke nema a cikin lissafi ba, amma na iya duba amsa. Jiya ta ci bakwai cikin goma. Mun kuma yi magana: ranar da mukulli ya dawo, wayar tata ce har ta gama jarrabawa, ni ne zan riƙa roƙon minti biyar.

Roƙona ga Mai Girma ɗaya ne. In zai aiko da mukullin, ya haɗo mana da wani akwatin, mai gurbi ɗaya tak, daidai tsawon malamin lissafi. Kwaɗon ma mu za mu saya.