Akwatin Akuya

Shin maigidana Malam Isufu ya gani ya yi shiru ne, ko bai lura ba? Yau ƙasa ta rufe masa ido, ba wanda zan tambaya.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba ke nan, shekarar da gero ya ƙone a tsaye. Ni ce shugabar matan ƙauyenmu a Dogo. 'Yan furoje, masu aikin agaji, suka raba mana awaki, suka ɗauki hotuna, suka shirya takardar bango da Faransanci. Muka ce a juya mana ita Hausa. Ni da maigidana, mai karatun boko, muka tafi biro, wato ofishinsu, a Damagaram.

Mai ordinatar, wato kwamfuta, ya nuna min hotona, da ɗan akwatin rubutu a ƙarƙashinsa. Ya ce yadda aka tsara takardar, akwati ba ya ƙaruwa, ga Hausa ta fi Faransanci cin wuri. Sai dai a sa "Hauwa" kawai.

Hauwa kawai? Na ce a sa Hajiya, a sa shugabar mata, a sa sunan kakana. (Kai mai rubuta min labarin nan, daina dariya.) Na hango wani ƙaton akwati a gefe, na dangwala yatsa.

"Inna, ai wannan na..."

"Na wa? Akwai wanda ya fi ni a takardar nan?"

Ya dubi Malam. Malam yana kallon rufi. Sai mai ordinatar ya musanya rubutun akwatunan biyu.

Ranar taro ni da kaina na liƙa ta, na ce mushen lakwal, malamin makarantarmu, ya karanta da ƙarfi. Ya nuna hoton akuya: "Hajiya Hauwa, shugabar mata, jikar Maigari." Ya nuna ni: "Ta sha yunwa, yanzu ta yi ƙiba."

Har da masu faɗuwa ƙasa. Da zaɓe ya zagayo ba a sake zaɓena ba, wai shugaba tana turke. Daga nan na koyi shiga akwatin da aka auna min.

Akuyar kuwa Malam ya raɗa mata Shugaba, 'ya'yanta ma suka gaji sunan. Ranar da zai cika, ina riƙe da hannunsa, ina kuka kamar yadda nake yi yanzu, na tambaye shi ko ya gani ne ya yi shiru. Ya buɗe ido ɗaya.

"Hauwa," ya ce, "kin ba Shugaba ruwa?"