Merv Tully Zai Sayi Sabon Allo

"Af, ashe ka tashi? Na ɗauka sai na turo motar asibiti ta ɗauko ka."

"Na tashi tun kafin a haifi ubanki. Ya hanya, Sauro?"

"Lafiya lau, Pop. Ya gwiwa?"

"Wace gwiwa? Tambayi taki."

Haka Keeley da kakanta Merv Tully suka gaisa ranar Asabar ɗin nan a kan gadar katako ta kulob ɗinmu, a lungun tafkin Mulwala. Ƙarfe bakwai bai yi ba, iska ba ta taso ba, ruwa ya kwanta luf tsakanin matattun itatuwan turare. Ni ina cikin jirgi da fulas ɗin shayina. Doka ta ce in ana jan mutum a kan ruwa sai an sami wani a jirgi yana duban baya, to ni Glenys shekara talatin ke nan ina duban bayan 'yan gidan Tully. Aikina kallo ne, kuma ban cika wuce aikina ba.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Jirgi ya ja ka da igiya, ƙafafunka biyu a kan siririn allo guda, ka kewaye ƙwallo shida da ke yawo a kan ruwa, uku dama uku hagu. Merv ya yi shekara hamsin yana yi. Yanzu shekarunsa saba'in da shida, amma har yau gudun kilomita hamsin da biyar a awa yake cewa a ba shi, alhali sa'o'insa a kulob sun daɗe da sauka arba'in da tara. Matarsa Beryl ce take tuƙa shi a da. Tun da ta rasu, shekara biyu ke nan, bai sake cika shida ba. Mutane suka ce baƙin ciki ne, shi ya ce tsohon allonsa ne ya gaji. A wajen gashin naman Kirsimeti ya miƙe a gaban kowa ya ce zai gwada allo mafi tsada a ƙasar, in bai cika shida da shi ba zai sayar da jirgin ya koma wasan kati. Merv kuwa ba ya janye magana ko da ta cutar da shi. A bayan jirgin nan Keeley ta koyi wasan, sunan kakarta ne a rubuce a gefensa. Shi ya sa ta taso daga Melbourne tun da asuba da alluna biyu na gwaji da wani shago ya ba ta aro.

Ta zuge jakar farko ta fito da wani jan allo. Merv ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan allo ne ko murfin kwalin biskit?"

"Da irin abin da ake ƙera jirgin sama aka yi shi. Dala dubu uku, Pop. Ya fi motarka daraja."

"Motata ce ta kai kakarki asibiti ta haifi ubanki. Wannan me ya taɓa kaiwa ina?"

"To ai tun daga ranar ba a sake wanke ta ba."

Ya kafa wutsiyar allon a kan katako, ya danna tsakiyarsa da tafin hannu ya ji taurinsa. Ya bi gefensa da babban yatsa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonsa kamar mai duba bindiga.

"Inci nawa ne?"

"Sittin da takwas."

"Ni sittin da shida nake hawa."

"Wancan lokacin kana kilo saba'in ne. Yanzu cikinka yana riganka isa ƙwallo."

"Wannan ba ciki ba ne, tsokar ƙirji ce ta sauko hutawa."

"Ta daɗe tana hutun nan. A ba ta fansho kawai."

"Ke da in kin juya gefe sai a nemi inda kika shiga! Ranar da na fara ɗora ki a allo sai da na cusa miki dutse a riga don kada iska ta kai ki wancan ƙetaren."

Ya zaro ɗan ma'aunin ƙarfensa daga aljihu, ya juya allon, ya auna ƙaramin ƙarfen da ke ƙarƙashin wutsiya, wanda shi ke riƙe allo a kwana. Ya ja tsaki.

"Da ido aka ɗaura wannan."

"Da na'ura suka saita shi, Pop."

"Na'urar ta taɓa shan ruwan tafki ta hanci? In ba ta taɓa ba, kada ta koya mini aiki."

Ya kwance, ya matsar da ƙarfen kamar faɗin silin gashi, ya ɗaure. Minti ashirin aka yi a kan haka. Na sha shayi kofi biyu.

Da ya sa rigar ruwa ya zura ƙafafunsa a takalman allon, sai ya sulale cikin tafki ya kama mariƙin igiya. Keeley ta zauna a kujerar tuƙi. Yanzu jiragen nan suna da na'urar riƙe gudu, lamba kawai direba zai danna.

"Hamsin da biyar!" ya ƙwala daga cikin ruwa.

"Hamsin da biyar, tsoho. Ka riƙe haƙoranka."

Ta danna hamsin da biyar ɗin, ta ja. Ya fito daga ruwa tsaf, wannan kam ba a taɓa raina shi a kai ba. Ya kewaye ƙwallo ta farko, ya tsallake kunyar ruwan da jirgi ke bari, ya kama ta biyu a makare. A ta uku igiya ta yi sako-sako, sannan ta fizge shi. Allo ya yi gabas, Merv ya yi yamma, fararen aku suka tashi daga kan itatuwa suna ihu. Na ɗaga hannu kamar yadda ake yi in mutum ya faɗi, muka juyo.

"Kana da rai, ko in fara kiran dangi?"

"Allon nan maƙaryaci ne," ya ce yana tofar da ruwa. "Ka ce masa dama ya ce sai ya yi shawara."

"Ni dai na ga wani abu kamar buhun dankali ya faɗo daga mota."

"Tuƙinki ne. Kina tafiya kamar maciji ya sha giya."

"Na'ura ce ke riƙe gudu, ni sitiyari kawai na riƙe."

"To ai shi ne kika kasa."

Suna wannan, ni ina kallon hannunsa a gefen jirgi. Rawa yake yi. Keeley ma ta gani. Ta miƙa masa allo na biyu, baƙi, ta karɓi jan.

"Wannan ne na ƙarshe, Pop."

"Na iya ƙirga biyu."

Ya sa ƙafa, ya kama mariƙi, igiya ta miƙe.

"Hamsin da biyar!"

"Na ji."

Sai na ga yatsanta a kan na'urar. Ta danna, ta sake dannawa, lamba ta tsaya a arba'in da tara. Ta kalle ni. Na buɗe fulas na duba ko akwai sauran shayi.

Ɗaya. Biyu. A ta uku ya kwanta gefe har kafaɗarsa ta kusa shafar ruwa, ya saki hannu ɗaya, ya juyo a natse kamar mai buɗe ƙofar ɗakinsa. Huɗu, biyar, shida. Ya fita ta tsakanin ƙwallayen ƙarshe da hannu a sama, feshin ruwa ya tsaya a bayansa cikin hasken safiya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai, don na ɗauka ba zan sake ganin haka ba.

A kan gada ya rungume baƙin allon yana shafa shi, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Kin gani? Wannan shi ne allo! Kafin in yi tunanin kwana ya riga ya yi. Da ina da shi a shekarar alif ɗari tara da saba'in da tara da yanzu hotona ne a kan kuɗi."

"Da an daina karɓar kuɗin."

"Ya san shekaruna bai raina ni ba. Ya fi duk jikokina ladabi. Shi zan rubuta wa gadon gidan."

"Sai ya riƙa kai ka wajen likita."

"Ya kai ni ko'ina. Ba ni wayata in kira shagon nan kafin wani sakarai ya riga ni."

Ya goge hannu a tawul, ya ɗauki waya, ya fara neman lamba da yatsa ɗaya. Keeley tana tsaye tana murza igiya. Ta naɗe ta, ta warware, ta sake naɗewa.

"Pop, ajiye wayar."

"Don me?"

"Ba allon ba ne." Ta saki igiyar. "Ni ce na rage gudun. Arba'in da tara ka yi."

Merv ya dube ta. Sannan ya ajiye wayar a kan tawul, ya girgiza kai.

"Minti goma," ya ce. "Minti goma kacal kika iya riƙewa."

"Me?"

"Kafin a kawo wannan na'urar taku, shekara ashirin ni ne mai riƙe agogo a gasar kulob. Hamsin da biyar daƙiƙa goma sha bakwai ce daga shiga zuwa fita. Ko barci nake ina ƙirgawa. Yau na ƙirga sha tara."

"Ka sani? To duk wannan kirarin da kake wa allo fa?"

"Hanya na ba ki ki yi shiru kamar mai hankali."

"Da ka biya dubu uku a kan ƙarya?"

"Da na biya. Da araha ma."

Ya zauna a bakin gada ya zura ƙafafu a ruwa. Bai kalle ta ba da ya ci gaba.

"Kakarki ta yi shekara biyar tana rage mini. Ta fara da hamsin da biyu, daga baya ta sauko arba'in da tara. In ce hamsin da biyar, ta ce to. Ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Mu koma gida in yi ta cika baki a kan tebur, ita tana zuba mini shayi."

Keeley ta juyo gare ni. "Glenys, kin san da wannan?"

"Ba wanda ya tambaye ni," na ce.

"Haba Pop! To shekara biyu kana faɗuwa, me ya hana ka ce wa su Col da ke tuƙa ka su rage?"

"In buɗe bakin nan nawa in ce wa Col Hendry arba'in da tara? Gara in nutse. Su kuwa na ce hamsin da biyar, suka ba ni hamsin da biyar cif. Maza huɗu, duk masu gaskiya, babu mai hankali ko ɗaya."

Ta yi dariya, amma da bayan hannu ta goge ido.

"To jirgin fa? Ka yi alkawari a gaban mutane."

"Na ce allo mafi tsada, na ce ƙwallo shida. Glenys, na ambaci gudu?"

"Ba ka ambata ba."

"To ga shaida. Jirgi yana nan. Ki mayar musu da allunansu, ki ce tsohon ya ce baƙin ba laifi, jan kuma su yi benci da shi."

Ya miƙa hannu cikin jirgi ya zare makulli. Yana ɗaure da wani tsohon toton kwalba da Beryl ta rataya masa don kada ya nutse in ya faɗa ruwa. Ya jefa wa Keeley, ta cafe.

"Direba ke riƙe makulli. Amma sai kin koyi rufe baki, don a ƙarya ba ki kama ƙafar kakarki ba."

"Awa uku daga Melbourne duk Asabar? Don in zo in kalli cikinka?"

"Sau biyu a wata ya isa. Kada fuskarki ta gundure ni."

Ya je bayan motarsa ya ɗauko tsohon allonsa, wanda fentinsa ya koɗe, wanda ya shekara biyu yana zagi. Ya zura ƙafafu, ya sulale cikin ruwa, ya kama mariƙi. Na koma kujerata na juya baya. Iska ta fara ɗan motsa ruwan, amma da sauran lokacin zagaye ɗaya.

"Sauro!" ya ƙwala. "Hamsin da biyar!"

Keeley ta sa makulli ta tayar da inji. Ta danna arba'in da tara.

"Hamsin da biyar, Pop," ta ce.